Katan Tamanin da Shida na Kawuna

Ranar Talata da hantsi, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, a gidansa da ke Titiru cikin garin Paraku. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗi haka a bakin ƙofarsa, na sake faɗa a makabarta, amma har muka dawo gabana bai daina faɗuwa ba. Baƙin ciki yana ciki, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata magana tsakanina da shi da ban kashe ba, ya tafi ya bar ni da ita.

Kawu mai ɗaura karo ne, wato fale-falen nan da ake shimfiɗa wa daɓen ɗaki, waɗanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira tayil. Ya haura shekara arba'in yana durƙuso a gidajen mutane, har gwiwoyinsa suka yi kanta kamar na raƙumi. Tsakar gidansa da guntayen da ke raguwa daga ayyukansa ya shimfiɗe ta, fari kusa da ja, ja kusa da mai ruwan ƙasa, babu biyu masu kama da juna. Mu da muka tashi a gidan mun daina ganinsu. Masu zuwa gaisuwa ne suka tuna mana.

Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Bariba ta shigo da sandarta, ta yi taku uku ta tsaya. Ta nuna wani guntu shuɗi da ɗan yatsan ƙafa, ta yi magana da yarensu. Matar Kawu, da muke kira Iya, ta fassara mana: "Ta ce wannan na madafarta ne." Tsohuwar ba ta ƙarasa wurin mata ba sai da aka zo aka kama hannunta.

Wani mahauci daga kasuwa ya zauna a gefena tun azahar. Bayan gaisuwa sai ƙwanƙwasa daɓen yake yi da gaɓar yatsa, yana kasa kunne, kamar yadda Kawu ke yi in yana neman inda siminti bai kama ba. Da zai tashi ya ce, "Ko ɗaya babu mai kogo."

Wani babban dillalin shanu ya zo da mota, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya dubi jama'a ya ce, "Mutumin nan ya taɓa tattara kayansa ya bar mini aiki a tsakiya. Yau ga ni a gidansa." Mutane ba su san ko yabo ne ko ƙorafi ba. Ni na san labarin.

Washegari baffana, ƙanen mahaifina, ya iso daga Jugu. Ya gaisa da kowa, ya yi wa Inna, mahaifiyata, ta'aziyyar yayanta. Da zai koma ya ja ni gefe kusa da randa, ya rage murya. "An kai karon, katan saba'in da biyar, yadda ka rubuta. Mun samu wani mai aiki. Asabar zai fara, in sha Allahu, don a gama kafin azumi."

Na ce to. Da na juya na ga Inna tana kallona daga bakin ɗaki. Ta ji komai.

Kafin in faɗi abin da wannan lissafin ya ƙunsa, ina so a san mutumin.

Kawu bai shiga lakkol ba, wato makarantar boko. Allo ya yi, kuma lambobinsa na Larabci ne, yana zana su da ƙusa a jikin bango inda filasta za ta rufe. Ni kuwa na yi karatu har na zama malamin lissafi a wata makarantar sakandare a nan Paraku. Tun daga ranar ya daina kiran sunana, sai Metir, wato malam da Faransanci. Yakan ce metir biyu gare shi, ɗaya na awo a aljihu mai naɗewa, ɗaya a lakkol mai gardama.

In aka kira shi ya duba ɗaki, ba ya fara da awo. Yakan cire takalmi ya shiga, ya bi gindin bango a hankali yana tauna goro, ya tsaya a kowace kusurwa. Sai ya fito da wani zare mai ƙusa a baki, ya ja shi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ya ƙulla, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. In zaren biyu ba su zo daidai ba, ya san magini ya karkata bango, ko da ido bai gani ba. Yakan ce ɗaki ba ya faɗin gaskiya daga bakin ƙofa. Bayan wannan ne yake fito da metir ya auna tsawo da faɗi. Sannan ya tambayi mai gida tambayoyin da ke ba mutane haushi. Wa zai kwana a nan. Ina za a ajiye gado. Akwai mai ciwon ƙafa a gidan ko babu. Daga ƙarshe ya rufe ido, leɓensa na motsi, ya faɗi adadin katan. Ba ya faɗa sau biyu, kuma ba ya ragewa.

Masu gida da yawa sun yi masa kallon mai neman rara. Shi kuma abin da yake tsoro daban ne. Ya sha gaya mini cewa karo ba ya haihuwa. In ya ƙare saura taku biyu a kai bango, ba lalle a sake samun irinsa ba, don kamiyon, wato babbar motar da ta kawo shi daga Kwatano, ya riga ya koma, na gaba kuma wata kala zai kawo. Ko an samu mai suna ɗaya da zane ɗaya, in ba gashi ɗaya aka yi musu a wuta ba, sai ka ga wani ya fi wani duhu kaɗan, kuma mai ɗaki zai riƙa ganin wannan bambancin duk safiya har ya mutu. Saboda haka kullum a lissafinsa yana sa karon yanka, ya sa na fashewa a hanya, ya sa na ajiya, wanda yake cewa a ɗora a kan rufin bayan gida don ranar da turmi zai faɗo.

Labarin dillalin shanun nan kuwa, gida ya gina wa mahaifiyarsa, ya sayo wani karo mai sheƙi kamar madubi, ya ce a sa ko'ina har makewayi. Kawu ya sa a falo da ɗakuna. Da aka zo makewayi ya zuba ruwa a kan guda ɗaya, ya ce wa dillalin ya taka. Dillalin ya ce shi ba wasa ya kira shi ba. Kawu ya ce tsohuwa mai shekara tamanin ba za ta yi alwala a kan wannan da hannunsa ba. Aka ɗaga murya. Kawu ya wanke cokalinsa na siminti, ya ɗaure kayansa a bayan babur, ya tafi. Wata guda ba su gaisa ba ko a masallaci. Daga baya tsohuwar da kanta ta aika a kira shi, aka sayo mai kaushi, ya koma ya ƙarasa. Bai taɓa cewa shi ne mai gaskiya ba, bai kuma taɓa ba da haƙuri ba.

Mahaucin da ke ƙwanƙwasa daɓe shi ma yana da nasa. Wata shekara masu duba tsafta suka ce duk teburin da ba a iya wankewa za a ɗauke shi daga layin nama. Nasa na katako ne, ya sha jini har ya yi baƙi. Kawu ya je sayen tsoka ya same shi ya yi tagumi. Bayan kwana biyu ya dawo da buhu cike da fararen guntaye, ya zuba siminti a kan teburin, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita har ruwa ya riƙa gangarawa gefe guda. Da mahaucin ya kawo maganar lada, Kawu ya ce, "Ka daina sa mini ƙashi a awo, shi ke nan."

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da zuciya, kuma zuciyarsa ba ta ihu ba ce, ta shiru ce. In ka tambaye shi dalili, zai zaunar da kai ya yi ta bayani har ka gaji. In kuwa ka nuna ka riga ka sani, zai ja bakinsa ya bar ka da saninka. Inna ta ce tun suna yara haka yake.

Yanzu ga maganar da ta hana ni sukuni.

A unguwar su Baffa a Jugu akwai wani ƙaramin masallaci. Asalinsa sito ne na goro, tun zamanin da fatake ke yada zango a garin. Kakan mahaifina ne ya ba da shi aka mai da shi wurin salla, don haka danginmu suna ji da shi. Ni a Paraku na girma, sallolin da na yi a cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma ina yaro. Bana jama'ar unguwa suka haɗa hannu za su sa masa karo kafin azumi, Baffa ne shugaban aikin. Inna ce ta ce a kira yayanta. Kawu ya riga ya rage aiki saboda gwiwa da hawan jini, amma da ya ji masallaci ne ya ce zai yi, kuma ba zai karɓi komai ba.

Cikin Rajab ya hau mota ya tafi Jugu. Ya yini a masallacin. Da la'asar ya gaya wa dattawan unguwa adadi: katan tamanin da shida.

Kwana biyu bayan haka Baffa ya kira ni a waya ina ɗakin malamai. Ya ce wasu suna gunaguni, suna cewa adadin ya yi yawa. Ya ba ni awo: tsawo metir goma sha biyu, faɗi tara, karo mai santimita arba'in kowane gefe, guda goma a katan. Ya ce, "Kai ne mai ilimin abin. Duba mana."

Ban ɗauki minti biyar ba. Na ninka tsawo da faɗi, na raba da abin da katan ɗaya ke rufewa, ya ba ni sittin da takwas. Na ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, kamar yadda kowane littafi ke cewa, ya zama saba'in da biyar. Na rubuta shi tsaf a takarda, na ɗauki hotonta na tura masa. Har na ji daɗin kaina. Ban kira Kawu ba. Gidansa bai fi tafiyar minti goma a zem, wato babur ɗin haya, daga makarantarmu ba, amma ban je ba.

Abin da ya biyo baya a bakin Inna na ji. Kawu ya koma Jugu don a tsayar da magana, Baffa ya karanta takardata a gaban dattawa, Kawun yana zaune. Wani ya ce to ina za a kai katan goma sha ɗaya. Wani ya ce tsufa ne, a yi masa uzuri. Kawu ya nemi a miƙo masa wayar, ya daɗe yana duban rubutuna ko da yake ba ya karanta boko, ya mayar. Ya ce, "Metir ya yi lissafi." Ya tashi ya nufi tasha.

Na yi niyyar zuwa wurinsa. Kowane mako ina cewa Lahadi. Da farko ina ganin ni ke da gaskiya, shi ya kamata ya huce. Daga baya kunya ta shigo, kunyar ta yi ta girma har ta fi ƙarfin ƙafata. Sau ɗaya muka haɗu a wani suna, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, ya tambayi yara. Na buɗe baki zan kawo maganar, aka kira shi cin abinci. Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe. Mako uku bayanta ya zauna a kan bencinsa bayan karin kumallo, ya ce wa Iya kansa na sarawa, kafin a samo mota ya cika.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Iya ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ba don in ɗora maka nauyi ba. Amma ya jira ka. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai. Ya ce mini, Metir zai zo ya tambaye ni, yana da hankali, takarda ce ta yi masa sauri."

Na ce, "Iya, ya gaya miki dalilin sha ɗayan?"

"Ni ina ruwana da katan? Ya dai ce in aka bi takardarka, za a ji kunya a gaban Allah da mutane."

Na fita daga ɗakin. Na sake yin lissafin a bayan wata ambulan, ya sake ba ni saba'in da biyar. Na yi ta juya abin. Ko dai Kawu ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, sunansa ya tafi da tabo a Jugu, ko kuma ni na yi kuskuren da ban gani ba, jibi a fara zuba siminti a kansa. Ban san wanne na fi tsoro ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na nemi wani abokin aiki ya riƙe mini ajina na Asabar, na shiga motar Jugu. Duk tsawon hanya hannuna na cikin aljihu yana murza metir ɗin Kawu, wanda Iya ta ba ni.

Na isa ana kiran la'asar. An riga an kwashe tabarmi da dardumai saboda aikin, katan-katan na jere a baranda, mutane za su yi salla a kan tsurar siminti. Na yi alwala na shiga. Da aka ta da iƙama na tsaya ina fuskantar bangon gaba sak. Sai wani dattijo ya kama kafaɗata ya juya ni hagu. Na duba, sahu gaba ɗaya a karkace yake, ya yanka ɗakin daga wannan gefe zuwa wancan. Liman ma ba a tsakiyar bango yake ba, yana can wajen kusurwa.

Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta a wannan salla ba. Sito ne. Wanda ya gina shi hanya ya bi, bai bi alƙibla ba. Da na yi sujada na ga wani siririn layi a kan simintin dab da goshina, an ja shi da ƙusa, ya bi sahun daidai. Bayan sallama na bi shi da rarrafe har bango. A can ƙasa, inda ba mai lura, ga lambobin Larabci uku a jere da hannun da na sani: tamanin da ɗaya, uku, biyu.

Na zauna a wurin na fahimci abin da ya nufa. Kawu ya so ya jera karon a karkace, layinsa ya bi alƙibla, yadda kowa zai sa dugadugansa a kan layi sahu ya miƙe ba tare da igiya ko tabarma ba. In aka jera haka, duk karon da ya taɓa bango sai an yanka shi a gicciye, kuma yawancin guntayen ba sa moruwa. Kashi goma ba zai isa ba, sai wajen ashirin. Wannan ne tamanin da ɗaya. Ukun na siririn karon da ake bi da gindin bango ne, wanda ni ko tunawa da shi ban yi ba. Biyun na ajiya ne.

Na sami Baffa a baranda tare da sabon mai aikin, wani magidanci Bayom, ɗan ƙabilar yankin, mai furfura a gemu. Na tambayi mai aikin yadda zai jera. Ya ce bango zai bi, haka aka ce masa. Na ce in a karkace ne fa. Ya shiga ya duba, ya fito yana girgiza kai. "In bango zan bi, wannan ya isa har da saura. In sahu zan bi, ba zai kai ba. Amma gaskiya in na bi bango, ƙafafun mutane layin karo za su riƙa bi. Ido ba ya jayayya da layi."

Na juya ga Baffa. "Kawu bai ce muku komai a kan alƙibla ba?"

Baffa ya ce, "Ya faɗa. Ranar da ya yi awo ya ce mini, ginin nan ba ya kallon gabas. Ni kuma na ce masa kakanmu ya san gabas tun kafin a haifi ubansa."

Ashe shekarun baya wasu sun taɓa tayar da rigima cewa a rushe masallacin saboda karkatarsa, Baffa ne ya tsaya har aka bar shi. Da ya ji kalmar a bakin Kawu sai ya ɗauka tsohon miki ake sosawa. Kawu kuma da ya ji an ambaci ubansa, ya rufe baki.

Baffa ya ce, "Yanzu me kake so a yi? Azumi saura kwana goma sha shida. A bi bango kawai, a mayar da tabarmi a karkace kamar da. Wa zai sani?"

Na ji sauƙin wannan magana har cikin ƙashina. Babu wanda zai ce takardata ta yi kuskure, tunda har saura za a samu. Amma dattawan da suka ce tsufa ne suna nan zaune a kan benci, taku biyar daga inda muke. Na roƙi Baffa ya ba ni izini in yi musu magana. Na ce musu ni ne mai takardar, lissafina na ɗakin da ban taɓa aunawa ba ne, mamacin kuma bai ruɗe ba, bai nemi rarar komai ba. Na kai su ciki na nuna musu layin da lambobin. Liman ya tsuguna ya shafa su da yatsa. Ya ce a dakata da aikin, a nemo cikon.

Nan wani sabon tsoro ya kama ni. A wani butik, wato shago, na Paraku aka sayi karon, wata guda da ya wuce. Na kira lambar mai butik ɗin, ba ta shiga. Da sassafe na kama motar farko, na sauka a tasha na hau zem kai tsaye, ina riƙe da guntun kwalin da ke ɗauke da lambar gashin. A hanya ina ta ganin masallacin a raina, rabi kala ɗaya rabi wata.

Mai butik ya dubi kwalin, ya dube ni. "Kai ne ɗan ƙanwar tsohon?"

Na ce ni ne.

"Allah ya ji ƙansa. Ranar da mutanen Jugu suka ɗauki saba'in da biyar, da yamma ya zo nan da sandarsa. Ya ce in ware sha ɗaya daga wannan gashin in sa a lungu, za a dawo nemansu. Na ware. Da na ji rasuwarsa na ce to, maganar ta mutu. Shekaranjiya wata mata ta matsa, na ba ta uku."

Na tambaya ko za a iya samun matar. Ya ce daga wani ƙauye take, bai san ta ba. Ya kira Kwatano a gabana, aka ce irin wannan ya ƙare. Takwas suka rage. Na tsaya a kansu har aka ɗora su a mota, ina gaya wa masu lodi su bi a hankali, har ɗayansu ya ce ko ƙwai ne.

Kwana goma sha biyu aka yi ana aikin. Kowace rana in an fita hutun tsakar rana sai in kira mai aikin in tambaye shi katan nawa suka rage, sahu nawa suka rage. Ya yi haƙuri da ni. Ya bi layin ƙusar nan bai kauce ba, yana juya kowane guntu ya ga ko zai shiga wani wuri kafin ya yar. Ran na tara ya ce mini guda shida sun fashe a katan ɗaya. Ran na goma sha ɗaya ya ce daɓen ya rufe, ya ci katan tamanin da ɗaya da guda huɗu. Abin da ya rage ya yayyanka ya bi gindin bangon gaba da na gefe ɗaya da rabin ɗayan. Bangon baya ya tsaya da tsurar siminti. Na ajiya kuwa babu ko ɗaya.

Ranar farko ta azumi na je Jugu na yi azahar a can. Mutane suka shigo, kowa ya sa dugadugansa a kan layi, sahu ya miƙe ba wanda ya ja wani. Bayan sallama Baffa ya miƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce wa jama'a, "Surukinmu na Paraku ya faɗa mini gaskiya, na ɗauke ta zagi, na mayar masa da abin da bai kamata ba. Ya rasu ban nemi gafararsa ba. Ina roƙon ku taya ni yi masa addu'a." Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga.

Wani ya kawo shawarar a cike bangon baya da wata kala mai kama. Baffa ya ce a bar shi haka tukuna.

Da na dawo Paraku na wuce wurin Inna kafin a sha ruwa. Tun rasuwar ba ta yi mini magana mai tsawo ba. Na same ta tana dama kunu. Na durƙusa na gaya mata komai, har da bangon da bai samu ba. Ta ci gaba da damawa, sannan ta ajiye ludayin.

Ta ce, "Mutanen Jugu sun ji. Na Paraku fa? Maganar cewa ya ruɗe har kasuwa ta kai, a kunnena aka faɗa."

Na ce ban san yadda zan bi kowa in gaya masa ba.

"Ka iya rubutu lokacin da ba a so ka yi. Je ka rubuta wannan, ka sa laifinka a ciki yadda yake, kada ka rage."

Ga shi na rubuta, Inna, ban rage ba. Wanda duk ya karanta, in ya taɓa taka daɓen da Kawu ya shimfiɗa, ko bai taɓa ba, ina roƙon ya yi masa addu'a. Allah ya gafarta masa zuciyarsa da shirunsa, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da kowace sujada da za a yi a wancan masallaci. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini kafin ya cika.